Sayar da giya ta intanet a Zariya: me doka ta ce, kuma ta yaya ake tare yara?

Ɗan Hanwa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni zuwa ga lauyoyinmu da masu harkar manhaja.

Kowa ya ga yadda sana'ar aike ta buɗe a Zariya. Mutum na kwance a ɗakinsa a Samaru ko Gyallesu, sai ya latsa waya a kawo masa shinkafa, gas ko kayan shago har ƙofa. Kaɗan ne ke yi da manhaja, mafi yawa WhatsApp ne da tiransifa da yaro mai babur. To akwai wasu matasa da ke haɗa manhajar aike wadda za ta tattaro shaguna da gidajen abinci na Sabon Gari, PZ, Kwangila, Samaru da Tudun Wada. Cikin shagunan da suka nemi shiga akwai masu giya a kanta, kuma suna so a jera ta tare da sauran kayansu.

Ba fatawa nake nema ba, hukuncin addini sananne ne. Ɓangaren dokar ƙasa nake son a warware mana. Shin akwai dokar da ta yi magana kan sayar da giya ta intanet? Idan yaro ɗan shekara 15 ya yi oda da wayar babarsa aka kai masa, wa za a riƙe, mai shago, mai manhaja, ko mai babur? Sannan ɗan akwatin nan da ake latsawa a ce "na kai shekara 18", ya wadatar a gaban alƙali?

Baristan Kongo:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Hanwa. Amsar farko a taƙaice: Najeriya ba ta da wata doka guda ta tarayya da aka rubuta musamman domin sayar da giya ta intanet. Amma kada wannan ya ruɗi kowa ya ɗauka fili ne babu shinge. Abin da yake nufi shi ne duk dokokin da suka hau kan mai sayarwa a kanta suna nan a kansa ko da ta waya ya yi cinikin, sai dai a warwatse suke, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ku kwatanta da taba. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta fito fili ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da taba ta intanet ko ta gidan waya gaba ɗaya. Saboda haka manhajar nan kada ta jera sigari ko kara ɗaya, ko da mai sayen ya yi furfura. Giya ba ta samu irin wannan doka tilo ba.

Wurin farawa shi ne kundin tsarin mulki na 1999. A jadawali na huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, an saka bayar da lasisi da kula da sayar da giya. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ita ma ta ajiye kuɗin lasisin giya a jerin ƙaramar hukuma, ta kuma ambaci iri biyu: lasisin da ake sha a wurin, da lasisin saye a tafi da ita. Wannan bambanci yana da nauyi a nan. Otal ko mashaya mai lasisin sha a wuri ba ta samu izinin ɗora katan a babur a kai wani gida ba. Kuma lasisi na wuri ne takamaimai da sunan mutum takamaimai. Ba a aron sa, ba ya bin mai shi zuwa wani sito da ya kama haya a wata unguwa.

A nan ne Zariya ta bambanta da garuruwa da yawa. Abin da muke kira Zariya a baki ƙananan hukumomi biyu ne. Birni, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur da Wusasa suna ƙaramar hukumar Zariya. Samaru, Hanwa, Muciya, Cikaji, Dogarawa, Basawa da Palladan suna ƙaramar hukumar Sabon Gari. Mai babur da ya ɗauko kaya a kasuwar Sabon Gari ya tsallaka kogin Kubanni zuwa Tudun Wada, cikin minti goma ya bar ikon hukumar da ta ba shagon lasisi. Wannan rabuwa tana da tsohon tarihi. Tun yarjejeniyar Burasels ta 1890 Turawa suka sa ƙasashen Musulmi na wannan yanki cikin inda ba a shigo da barasa mai ƙarfi, dokar giya ta 1917 kuma ta kasa Najeriya zuwa yankin da aka haramta, yankin lasisi, da yankin da aka taƙaita. Arewa ta faɗa cikin haramtaccen yanki, inda aka sassauta kuwa wuraren baƙi ne da suka taso da zuwan jirgin ƙasa, irin Sabon Gari. Taswirar da muke gani yau ragowar wancan tsari ce.

Sai dokar laifuka. Tsohon kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya hukunta maye a bainar jama'a a sashe na 401, a sashe na 403 kuma ya mai da shan abin da ke da barasa laifi ga Musulmi, in ba don magani ba. Jihar Kaduna ta sake rubuta nata kundin a 2017, lambobin sassa sun canja, don haka lauyan da zai duba muku takardu ya yi aiki da sabon kwafi. Bayan wannan akwai kotunan shari'a da suka fara aiki a jihar a Nuwamban 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, da kundin laifuka na shari'a na 2002 wanda ke hawa kan Musulmi. Irin waɗannan kundaye ba mai sha kaɗai suke kallo ba. Na Zamfara na 2000, wanda jihohi da dama suka bi sawunsa, ya ambaci mai haɗawa, mai saye da sayarwa, da mai dako. Ku lura da kalmar dako. Yawancin yaran da ke aike a babur a Zariya Musulmi ne, ke nan mai shago wanda ba Musulmi ba zai iya zama da lasisinsa lafiya lau, alhali yaron da ya ɗauko masa kayan ya shiga wani hali daban a gaban wata kotu daban.

Kada kuma a yi gangancin karɓar oda zuwa ƙasar Kano don ana ganin hanya ce miƙaƙƙiya. Tun 2004 dokar Kano ta hana sayar da giya a jihar, kuma Hisba na kama motocin da ke ɗauke da ita tana fasa kwalabe a fili.

Game da shekaru, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 da takwararta ta jihar Kaduna ta 2018 duk sun ce yaro shi ne wanda bai cika 18 ba, kuma alamar 18+ ce kamfanoni ke bugawa a jikin kwalba da talla.

Wa za a riƙe? Mai lasisi ne na farko, domin shi ne mai sayarwa. Mai babur shi ne wanda ya miƙa kayan hannu da hannu, shi ne kuma wanda za a fi saurin kamawa tunda shi ke kan titi. Mai manhaja zai so ya ce shi dillali ne kawai, to amma idan shi ke jera kayan, kuɗi ta asusunsa suke bi, yana cire kamasho, kuma shi ke tura mai babur, da wuya wannan magana ta tsaya. Dokar laifuka ta san wanda ya taimaka aka aikata laifi, ba sai wanda ya aikata da hannunsa ba. Akwatin "na kai 18" kuwa, abin da yake tabbatarwa kawai shi ne wani ya taɓa fuskar waya.

Injiniya Mai Lambobi:

Barista ya gama da dokar gida. Bari in ɗora da yadda abin yake a aikace, domin ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun gwada, an kuma ga inda take yoyo.

A Amurka shekarun saye 21 ne. A 2012 masu bincike a Jami'ar North Carolina suka sa matasa 'yan 18 zuwa 20 suka yi oda 100 daga shagunan giya na intanet. Guda 45 sun iso hannunsu. Guda 28 kacal aka hana saboda binciken shekaru, sauran sun faɗi ne kan wasu dalilai. Wannan a ƙasar da gidan wayar gwamnati ba ya ɗaukar giya sam, kamfanonin aike masu zaman kansu kuma suna da tsarin sai babba ya sa hannu. A Ingila dokar lasisi ta 2003 ta ɗauki wurin da aka ware kayan domin mai saye, wato sito ko shago, a matsayin wurin ciniki, don haka shi ne ke buƙatar lasisi, ba ofishin da kwamfuta take ba. Shagunansu kuma suna bin ƙa'idar duk wanda fuskarsa ba ta nuna ya kai 25 ba sai ya fito da kati. Tazarar shekara bakwai ɗin nan tsakanin 18, shekarun saye a can, da 25 da gangan aka sa ta, saboda ido ba ya rabe ɗan 17 da ɗan 19. A Sikotilan an hana kai giya gida tsakanin sha biyun dare da shida na safe, kuma dole a rubuta odar a littafi kafin kaya su bar shago, mai kaiwa ya riƙe takardar da ke nuna kaya, yawa, da sunan wanda za a kai wa.

Duk wanda ya duba waɗannan zai ga bincike biyu ne. Ɗaya lokacin oda, ɗaya a bakin ƙofa. Na biyun ne mai aiki, kuma shi ne ake sakaci da shi.

Na lokacin oda tukuna. Kura-kuran da ake yi a nan sanannu ne. Wasu suna ɗauka duk mai NIN babba ne, alhali har jarirai ana yi wa NIN. Lambobi 11 ɗin ba su ɗauke da shekaru, sai an tambayi rumbun NIMC ta hannun kamfanin da aka ba izinin tantancewa ya dawo da ranar haihuwa. Tsohuwar takardar NIN ɗin nan da aka fi yawo da ita ma babu ranar haihuwa a jikinta, sai sabuwar mai kama da kati. Wasu suna karɓar katin makaranta, alhali da shekara 16 ana shiga jami'a, ke nan ɗalibin aji ɗaya a harabar ABU ta Samaru ko ta Kongo yana iya zama yaro a idon doka. Wasu suna cewa ai da katin banki ya biya. Katin na iya zama na uwa, layin wayar ma da sunanta. Katunan da samun su kansa ke nuna an kai 18 su ne katin zaɓe da lasisin tuƙi. Fasfo ana yi wa kowa, sai an karanta ranar haihuwar da ke ciki.

Akwai kuma kuskuren lissafi da masu rubuta manhaja ke yawan yi: su cire shekarar haihuwa daga shekarar da ake ciki su tsaya nan. Wanda aka haifa a Disamban 2008, wannan lissafi zai ba shi 18 tun ranar 1 ga Janairun 2026, alhali saura masa wata goma sha ɗaya. A kwatanta rana da wata da shekara. Kuma idan an ƙi mutum, kada a bar shi ya koma baya ya canja shekara ya sake gwadawa nan take. A kulle wannan lamba da wannan waya.

Ko an yi duk wannan daidai, abin da aka tabbatar shi ne mai asusun babba ne. Ba a tabbatar da wanda ke riƙe da wayar a daren ba.

Yanzu bakin ƙofa, inda tsarin Turawa ke karo da al'adarmu. A gidajenmu baƙo namiji ba ya wuce zaure. Mai babur zai tsaya a waje ya kira waya, sai a ce "ga yaro nan zuwa". Wanda ke fitowa karɓar saƙo a Zariya, in ba ƙanin mai gida ba ne, to almajirin gidan ne ko ɗan maƙwabta. A unguwannin ɗalibai kuma sai a ce a bar wa mai gadi ko mai shagon bakin get. Wato hanyar da aka saba karɓar kowane saƙo ita ce ainihin abin da doka ke gudu. Ƙa'idar da za ta yi aiki ɗaya ce: wanda sunansa ke kan oda shi zai fito da kansa, da katinsa na asali ba hoto a waya ba, mai babur ya dubi fuska ya dubi kati ya dubi ranar haihuwa. Lambar sirri da ake turawa ta tes tana taimakawa wajen tabbatar da an kai kaya, amma ba ta maye gurbin kati, domin ana karanta wa yaro lamba huɗu ya haddace kafin ya kai ƙofa.

Abin da ke rusa wannan ƙa'ida ba mugunta ba ce, lissafin mai ne. Idan sai an karɓi kaya ake biyan mai babur, ya ƙona fetur daga Sabon Gari zuwa Bomo, aka turo yaro, ka ce ya juya da kaya hannu wofi, wallahi zai miƙa. Dole a biya shi cikakken kuɗin tafiya da na dawowa duk lokacin da ya ƙi bayarwa bisa ƙa'ida, a kuma cire wannan daga kuɗin mai odar, a rubuta masa haka tun kafin ya biya. Kada a yarda da biya in an kawo a irin wannan kaya, saboda kuɗi a hannu na sa a yi sauri. Sannan a riƙa gwaji: a sa baligi mai ƙaramar fuska ya yi oda ba tare da mai babur ya sani ba, a ga ko za a tambaye shi kati. Kada a yi gwajin da yaro na gaske.

Abu na ƙarshe, bayanan mutane. Kada mai babur ya ɗauki hoton katin kowa da wayarsa ya tura guruf. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan duk mai tara irin wannan. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC, tarar kuma kan kai naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga ƙananan kamfanoni, duk wanda ya fi yawa. Abin da za a ajiye kaɗan ne: irin katin da aka gani, lokaci, lambar mai babur, da cewa an duba.

Malamin Zaure:

Ɗan Hanwa ya ce ba fatawa yake nema ba, kuma ba ita zan bayar ba. Amma akwai wurin da fiƙihu ya shiga tsarin aikin kansa, ba zan bari ya wuce ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, a cikinsu akwai mai ɗaukar ta, da wanda aka ɗauko dominsa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. A mazhabarmu ta Malikiyya haddin mai sha bulala tamanin ne. To manhajar da ke raba aiki da kanta, ta tura wa yaro Musulmi oda a ƙunshe cikin kwali bai san abin da ke ciki ba, ta zalunce shi ta fuska biyu, ta addininsa da ta kotu kamar yadda Barista ya nuna. Kamashon da za a cire kuma sunansa cin kuɗinta, ko an kira shi kuɗin hidima. Injiniya, duk matakan nan naka na masu sayarwa ne. Su waɗannan matasa da suke da zaɓi tun ba a fara ba, me zai kai su?

Injiniya Mai Lambobi:

Allah ya gafarta Malam, ban ce su sayar ba. In shawarata za a bi, su cire wannan rukuni gaba ɗaya, ko don lissafin kasuwa: ribar katan nawa za ta biya kuɗin tantancewa, da tafiyar da aka juya, da sunan da zai ɓaci a cikin Birni? Sai dai rashin jera giya ba ya nufin giya ba za ta hau babur ɗinsu ba. Mai shago zai iya saka ta da sunan "lemo na musamman", ko mai saye ya zaɓi "karɓo min saƙo a wurin wane" a ba yaro leda a ɗaure. Don haka ko manhajar da ta haramta, sai ta rubuta haramcin a yarjejeniyar da shago zai sa wa hannu, ta hana shago saka sabon kaya sai mutum ya duba hoto da suna, ta ba mai babur ikon cewa a buɗe ƙunshi a gabansa kafin ya ɗauka, ta kuma kori shagon da aka kama tun karon farko.

Hajiya Mai Kemis:

Sannunku da ƙoƙari. Duk kuna maganar kwalba da katan, alhali abin da ke isa hannun yara ba shi ba ne. Yaro ba ya sayen katan. 'Yar leda yake saye, ko ƙaramar roba mai shiga aljihun wandon makaranta.

Ku yi lissafin da kanku. Leda mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 cikin ɗari tana ɗauke da mililita 12 na tsantsar barasa, kusan giram tara da rabi. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 da kashi 5 tana da mililita 30. Ke nan leda biyu da rabi sun yi daidai da babbar kwalba, kuma ana shanye su a kurɓi uku. Jikin ɗan shekara 14 mai kilo 40 ba ya ɗaukar wannan kamar na babba, sukarin jininsa ma na iya faɗuwa, musamman in cikinsa babu abinci.

Dalilin da ya sa NAFDAC ta sa wa wannan girma ido ke nan. A Disamban 2018 aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin ma'aikatar lafiya, NAFDAC, hukumar kare masu saye da ƙungiyoyin masu masana'anta cewa cikin shekara biyar za a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. A 2022 NAFDAC ta daina yi wa sababbi rajista. A farkon Fabrairun 2024 shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta sanar da fara aiwatarwa, masu masana'anta da 'yan ƙwadago suka yi ca, aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen Disamban 2025. Duk mai manhaja ya ɗauki wannan girma a matsayin abin da ba ya shiga jerinsa, ko wane ne mai saye.

Inda za a yaudare ku shi ne suna. Da yawa daga cikin waɗannan robobi ba a rubuta musu giya da manyan baƙaƙe. Ana sayar da su a matsayin bitas, maganin basir, maganin ciwon baya ko na ƙarfin maza, da hoton saiwa da ganye. Mai shago zai saka su a rukunin maganin gargajiya da zuciya ɗaya ko da biyu. Wanda ke tantance kaya ya juya robar ya nemi inda aka rubuta kason barasa, yawanci da ƙananan baƙaƙe kusa da yawan mililita, ya kuma nemi lambar rajistar NAFDAC. In akwai kaso, giya ce, ko me aka kira ta. In babu lamba kuma babu adireshin masana'anta, wannan ya fi muni, domin ba a san abin da aka zuba ba. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas bayan shan barasar gida ta ogogoro mai ɗauke da metanol, wani sinadari mai guba. Shi metanol ba ya nuna kansa nan da nan. Sai bayan awa goma sha biyu zuwa kwana guda mutum ya fara amai da ciwon ciki, gani ya dushe, numfashi ya yi sauri. Wanda aka ga haka a tare da shi asibiti za a nufa kai tsaye, ba kemis ba, a kuma tafi da robar.

Tunda ana maganar abin da bai kamata ya hau babur ba, ku haɗa da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa shi a Mayun 2018, da taramol. Sayar da magani ta intanet sai kantin da hukumar masu haɗa magunguna ta yi wa rajista, ƙarƙashin kulawar ƙwararren mai haɗa magani. Kemis na unguwa ba shi da wannan hurumi.

Ɗan Hanwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya, Barista. Ɗaya daga cikin shagunan ya ce to a bar sayarwa, a sa masa tallar giyar kawai a fuskar manhaja da shafinsu na Instagram, mai so ya je shago da ƙafarsa. Wannan fa?

Baristan Kongo:

Wannan ma ba kyauta ba ne, Malam. Talla tana ƙarƙashin hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, kuma dokar ta shafi tallar intanet da kafafen sada zumunta kamar yadda ta shafi rediyo da allon titi. Kafin talla ta fita sai kwamitin tantance talla na hukumar ya gani ya amince. Ƙa'idar tallar giya ta hana nufar yara da ita, ta hana sa yara a ciki, a allon titi kuma ta hana kafa ta cikin mita 200 daga makaranta, asibiti, wurin ibada ko tashar mota. Manhajar da 'yan sakandare ke buɗewa su sayi shawarma, ka liƙa mata tallar giya a shafin farko, ka kai tallar inda aka hana allo ya kai.

Su kansu kamfanonin suna da nasu sharuɗɗan. Facebook ba ya yarda a jera giya a kasuwarsa ta Marketplace, tallar kuɗi kuma sai an saita ta yadda ba za ta bayyana ga masu ƙananan shekaru ba. Shafin da ya karya wannan ana iya rufe shi, kuma shafin manhajar ne zai tafi, ba na mai shagon ba.

In za su rubuta yarjejeniya da shaguna, su sa sakin layi guda da ya haɗa sayarwa, talla da dako, ya ambaci giya, bitas mai barasa, taba da magungunan da sai da takardar likita, kowanne da sunansa. Kowane shago ya kawo kwafin rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da takardar izinin wurin kasuwanci, a ajiye a fayil, a kuma rubuta ranar da kowace takarda za ta ƙare domin a nemi sabuwa kafin lokacin.